Majalisar da Na Jera Bisa Furfura

Duk wanda ya ce muku yin barwazi sanda huɗu ne da gilashi, ku miƙa masa zarto ya haɗa kusurwa ɗaya tak, ku koma gefe ku sha kallo. Barwazi shi ne firam ɗin hoto, haka muke kiransa a nan Jidda, kuma a cikin aikinsa na yi furfura. Ku samarin yanzu kun tarar da inji yana yanka muku almuniyam, hannu ɗaya a kan maɓalli ɗaya a kan waya, shi ya sa kuke ganin abin wasa ne. Mu da katako muka fara, da danƙon da ake dafawa a gwangwani yana wari har maƙwabta su rufe taga.

Aikin farko da aka bar ni na rufe da hannuna Ayatul Kursiyyu ce ta wani tsohon alhaji da zai koma Kano. Lokacin ban daɗe da zuwa daga Tasawa ba, a tsakiyar shekarun saba'in, na yi aikin hajji na samu kafili, wato ɗan ƙasa da ya tsaya mini, na zauna. Shagon yana unguwar Bagdadiyya, mai shi a aikace kuwa Mu'allim Bakur ne, dattijo haifaffen Jidda wanda kakanninsa suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, Hausarsa rabi Larabci. Na goge gilashi, na ɗora takarda, na buga ƙusoshi, na manne baya, na kawo masa ina jin kaina. Ya ɗaga barwazin a hasken ƙofa, ya nuna mini shatar babban yatsana ta ciki, daidai kan ayar.

Ya ce, "Ya waladi, mutumin nan ayar Allah ya saya ko yatsanka? Yalla, buɗe."

Na buɗe, na sake daga farko, alhajin yana zaune yana jira. Tun ranar ban ƙara riƙe gilashi ba sai ta gefensa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai zarto mai ƙananan haƙora, da zawiya ta auna kusurwa, da 'yar guduma, da wuƙar yankan kwali. Amma babbarsu ita ce almasa. Wani ɗan ƙarfe ne mai ƙota ta baƙin katako, a bakinsa an dasa ƙwayar lu'ulu'u da ba ta kai ƙwayar gero ba, da ita ake yanka gilashi. Ana tsoma bakinta a kananzir, a ɗora, a ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe. In hannu ya daidaita za ka ji wani siririn kuka, sai ka ɗan ƙwanƙwasa ta ƙasa, gilashin ya rabu da kansa. Ba a maimaita layi da ita, domin komawa kan tsagar da aka riga aka yi shi ke kashe dutsen. Mu'allim Bakur a aljihun ƙirji yake ajiye tasa. Na shekara ina kallon yadda yake karkata tsintsiyar hannunsa kafin ya yarda na taɓa ta, kuma tun ranar da ta yi kuka a hannuna ya riƙa miƙo mini ita ba tare da na roƙa ba.

Sannan Siraju ya zo. Shi ɗan unguwar Nuzla ne, a nan aka haife shi, ya biyo bayana a shagon da 'yan shekaru. Dogo ne mai farar riga kullum a goge, Larabcinsa ba ka bambanta shi da na mutanen Hijaz, ga ɗan Turancin da ya tsinta a bakin tashar jiragen ruwa. Kusurwarsa kullum da ƙofa, sai an cika ta da garin katako da danƙo. Gilashin da ya fasa kuwa da an tara da ya rufe tagogin masallaci. Amma in mai saye ya shigo, kafin ya zauna Siraju ya san garinsu, ya san sunan ɗansa na fari, ya aika a kawo shayi. Sai aiki ya rabu da kansa, shi a gaba wajen fanka, ni a bayan labule cikin ƙura. Alhazai masu hoton Ka'aba, ma'aikatan ofis masu takardar shaidar karatu, Koriyawa da Filifinawa masu hoton iyali, duk ni nake haɗa musu, duk shi suke yi wa godiya. Ina jin su ta labule suna cewa, "Allah ya yi wa hannunka albarka, ya Siraj." Kishinsa nake yi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma ba yau zan fara ba.

Shekarar da farashin mai ya faɗi, a tsakiyar shekarun tamanin, ita ce muguwar shekararmu. Kamfanoni suka fara naɗe kaya, ofisoshin Bagdadiyya suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, sai mu wuni ba wanda ya leƙo sai mai tambayar hanya. Idon Mu'allim kuma ya fara yin hazo. Kafilinmu, wanda lasisin shagon yake da sunansa, ya zo ya ce iƙama ɗaya kawai, wato takardar izinin zama, zai sabunta ban da ta Mu'allim, ɗayan ya nemi wanda zai karɓe shi. Ya bar wa Mu'allim zaɓi zuwa bayan hajji. Kowa ya san abin da ke ƙasa: wanda aka zaɓa shi zai gaji shagon, shi zai gaji almasa. Ni ban damu ba ko kaɗan. Na ce a raina, in dai aiki ake dubawa, ai zance ya ƙare.

A cikin wannan hali wani injiniya Ba'amurke ya shigo da wani ƙaton barwazi naɗe da bargo. Danshin Jidda ya same shi a ɗakin ajiya, danƙon ya narke, kwalin ya yi funfuna. Asalinsa ƙananan hotuna ne masu siffar ƙwai, da yawan gaske, an manna su jere a kan kwali ɗaya, amma duk sun ɓalle sun taru a gindin gilashi. Mazaje ne zalla cikin baƙaƙen kwat, kowa da irin gemunsa. A ƙarƙashin kowane hoto akwai suna da rubutun boko, a ƙarshen sunan kuma harafi ɗaya. Hoto guda ya fi sauran girma. Ba'amurken ya zaro wani daga ciki, ya sumbace shi, ya liƙa masa 'yar takarda a baya. Sannan ya juya ga Siraju ya yi ta bayani, yana nuna dama yana nuna hagu, yana ta maimaita kalmar fati. Siraju yana gyaɗa kai kamar wanda aka haifa a garinsu.

Da ya fita na ce, "Me ya ce?"

Siraju ya ce, "Hoton fati ne, ya Ilya. Kakan babansa ne da abokansa a walima. A zaunar da kowa inda ya dace, halas, shi ke nan."

"To wannan harafin da ke bin sunayen fa? Na ga iri biyu ne suka fi yawa."

"Laƙabi ne, irin Alhaji da Malam. Kai dai yi aikinka."

Ban yi lakwal ba, wato makaranta, boko ba ya karantuwa a wurina, sai na ɗauki maganarsa.

Ban taɓa zuba wa aiki rai kamar wannan ba, don na san Mu'allim yana kallo da ɗan idon da ya rage masa. Na shanya hotunan tsakanin takardu masu shan ruwa, na danne su da gilashi har suka miƙe. Na kankare tsohon danƙo da reza da auduga mai ɗan laima, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yage. Na samo sabon kwali mai kauri, na yanka wa kowane mutum tagarsa da hannu, bakin yankan a karkace, na zagaye shi da siririn layin ruwan zinariya. Wanda bai taɓa yanka siffar ƙwai da wuƙa ba bai san inda hannu yake rawa ba.

Sai batun zama. Tunda walima ce, ni kuwa ba a jeji na tashi ba, na san yadda ake zaunar da mutane. Mai babban hoton na sa shi tsakiya, shi ne mai gida. Masu farin gemu fat na kai su sahun sama. Masu furfurar da ba ta gama cin gemu ba suka biyo, sannan masu baƙin gemu, sannan masu gashin baki kawai. Waɗanda fuskarsu take sumul na jera su can ƙasa, wajen da ake ajiye takalma. Akwai wani mai sanƙo da baƙin gemu da ya wahalar da ni, na kai shi sama na dawo da shi ƙasa, daga ƙarshe na bar shi a tsakiya. Kakan Ba'amurken kuwa wani siririn tsoho ne mai farin gemu, bakinsa a tsuke kamar an hana shi magana. Na girmama shi, na sa shi a sahun sama ta hannun dama. Kusa da shi na manna wani ƙaton dattijo mai kumatu, fuskarsa da alamar murmushi. Na ce sa'o'in juna ne, su yi hira. Na yanka gilashin da almasa, ta yi kukanta, na rufe.

Ranar karɓa Ba'amurken ya zo da tafintan kamfaninsu, wani Basudane mai rawani. Na fito daga bayan labule na tsaya, don in ji godiyata da kunnena ko sau ɗaya. Aka yaye bargo. Mutumin ya matso, ya bi sahun sama da yatsa, ya tsaya kan kakansa, ya dubi na kusa da shi. Fuskarsa da ma ja ce, sai ta ƙara. Ya yi magana mai tsawo, Basudanen ya juya mana ita da Larabci.

Ashe ba walima ba ce. Majalisar dokoki ce ta jiharsu a can Amurka, tun ƙarni na sha tara, kowane mai gemu wakilin wani yanki ne, wasu manoma, wasu lauyoyi, wasu 'yan kasuwa. Fatin da ya yi ta faɗa jam'iyya yake nufi, harafin nan kuma shi ke nuna jam'iyyar kowa. Manyan jam'iyyu biyu ne, sai wata ƙarama ta manoma mai 'yan mutane kaɗan. A tsohon kwalin kowace jam'iyya da gefenta, shi ya sa yake nuna dama da hagu. Mai babban hoton shugaban majalisa ne, kuma jam'iyyar da ta fi yawa ita ke naɗa shi. A wancan zama jam'iyyun biyu sun kusa yin kunnen doki, ta kakansa ta ɗara da ƙyar, har an gama magana cewa kakan ne zai hau kujerar. Ana gab da zaɓe wani ɗan jam'iyyarsu ya tsallaka ɗaya gefen, rinjaye ya juya, kujera ta tafi. Har tsohon ya mutu bai ƙara gaisawa da shi ba, kuma har gobe ba a ambaton sunansa a gidansu. Basudanen ya ɗora yatsa a kan ƙaton dattijon nan mai kumatu, wanda na manna kafaɗa da kafaɗa da kakan don su yi hira.

Na buɗe baki zan ce ai haka aka faɗa mini. Siraju ya riga ni. Ya matsa gaba ya dafa ƙirji, ko gezau bai yi ba, ya ce wa Basudanen, "Ya ustaz, faɗa masa mun sani. Da gangan muka yi. A wurinmu in mutum ya mutu jam'iyyarsa ta mutu, ba dama ba hagu, sai babba da yaro. Mutanen nan sun yi shekaru a ƙasa suna gaba da juna a jikin bango. Ni na ce wa ma'aikacina ya zaunar da su zaman walima, ko Allah ya sa su shirya. In bai so ba, a mayar masa yadda yake."

Ma'aikacina. Ni da na koya masa riƙon guduma.

Basudanen ya fassara, har da ƙarin gishirinsa, don na ga abin ya burge shi. Ba'amurken ya ƙura wa tsofaffin nan biyu ido. Ya cire tabarau ya goge, ya yi wata 'yar dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce kada a taɓa ko ƙusa ɗaya. Ya kama hannun Siraju da hannu biyu, ya sa Basudanen ya ɗauke su hoto a gaban barwazin. Ni aka ce in ɗan matsa, ina tare haske.

Kafin hajji labari ya zagaya kamfanoninsu. Duk Baturen da ke haɗa kaya zai koma gida sai ya biyo da abin da zai sa wa barwazi, kuma da ya shigo sai ya tambayi Siraj mai hikima. Wannan cinikin ne ya fitar da shagon daga muguwar shekara. Kowace kusurwa a cikinsa ni na haɗa ta.

Bayan sallar layya Mu'allim Bakur ya shigo bayan labule ya zauna a kan akwatin ƙusa. Tun daga zamansa na gane.

Na ce, "Mu'allim, kun san ƙarya ya yi. Bai ji Turancin ba."

Ya ce, "Na sani, ya Ilya. Idona ne ya tafi, kunnena yana nan."

"Kuma ni na jera su."

"Kai ka jera su, kuma ban taɓa ganin yankan kwali kamarsa ba, wallahi. Amma faɗa mini, da Siraju bai yi magana ba, me za ka ce wa mutumin?"

Na ce, "Gaskiya zan faɗa. Haka aka ce mini."

Ya ce, "Ɗayyib. Sai ya ce a ɓalle, ya tafi ba ya dawowa, mu rufe shago mu uku. Kai ko'ina ka je hannunka zai ci da kai. Shagon nan kuwa mai magana yake so. Ma'alesh, yi haƙuri, ya waladi."

Ya tashi ya fita gaba. Ta ramin labule na ga ya zaro almasa daga aljihun ƙirji ya sa a tafin Siraju. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban samu inda zan ƙaryata tsohon ba.

Wani mai shagon tagogi a unguwar Waziriyya ya karɓi iƙamata. Na yi shekaru ina yanka gilashin taga da wuƙa mai ɗan wilin ƙarfe, wadda ba ta kuka sai ƙara, kafin na samu wannan ɗan shagon na Nuzla da kuke zaune a ƙofarsa. Shagon Siraju kuwa ya haɗiye na kusa da shi, ya sa inji, ya ɗauki ma'aikata. Hoton nan nasa da Ba'amurken ya rataye shi a saman teburinsa, kowa ya shigo sai ya ji yadda ya sasanta majalisar Amurkawa. Labarin yana girma kowace shekara. Har na ji an ce a mafarki aka nuna masa jerin.

Da zai aurar da ɗansa na ƙarshe ya aiko mini, na je don kada a ce. An shimfiɗa dardumai, an jera tiren shinkafa da rago, shi da kansa yake zaunar da mutane. Samari can bakin ƙofa, magidanta a tsakiya, masu furfura sama. Ya kamo hannuna ya ja ni har sahun farko, ya zaunar da ni kafaɗa da kafaɗa da shi, don gemunmu ya yi fari tare. Ba a gama wanke hannu ba ya ɗauko labarin majalisa. Da ya kai wajen "sai na ce a jera su bisa furfura," na kasa daurewa.

Na ce, "Ni na jera su."

Ya yi dariya ya rungumo wuyana, ya ce, "Wallahi gaskiya ne, ya jama'a. Shi ya jera, ni na sayar."

Aka kwashe da dariya, wani ya ce Ammi Ilya, wato Baffa Ilya, akwai barkwanci, aka ci gaba da cin rago. Mai hoto ya haska mu a haka, hannunsa a wuyana.

Bayan 'yan kwanaki sai ga motarsa a ƙofar nan. Ya shigo yana dogara sanda, ya ajiye hoton walimar guda biyu a kan teburina. Ya ce yaransa almuniyam kawai suka iya, shi kuwa katako yake so, irin na da, ɗaya nasa ɗaya nawa. Sannan ya sa hannu a aljihun ƙirji ya zaro almasar Mu'allim Bakur.

Ya ce, "Riƙe, ya akhi. Da ma kai ta sani."

Na karɓa. Na tsoma bakinta a kananzir, na ɗora a kan gilashi, na karkata hannu yadda tsohon yake yi, na ja. Ba ta yi kuka ba, yaƙushi kawai ta yi. Na ɗaga ta a hasken ƙofa, sai na ga dutsen ya mutu murus. An yi ta maimaita layi da ita har ta gaji.

Na ce, "Ka kashe ta, Siraju."

Ya ce, "Tun shekarar farko. Ai ni ban taɓa iya ta ba."

Ya faɗa yana murmushi, da kumatunsa da komai. Na ajiye ta, na ɗauko wilin ƙarfe na yanka gilashin da shi. Na haɗa barwazi biyu, kusurwa takwas, ba wadda reza za ta shiga. Ya ɗauki nasa, na tabbata yanzu yana gaya wa mutane shi ya zaɓi katakon.

Nawa ga shi can a bango, sama da gwangwanin danƙo. Ku tashi ku duba da kyau. Siraju ya fi kyau a hoton, wannan ba sai kun faɗa mini ba. Bakina nake so ku duba, yadda ya tsuke. Na san bakin nan tun kafin ya zama nawa, na kakan Ba'amurken nan ne, ni na manna shi a sahun sama da hannuna.